Tutar Belden a Ƙofar Gidana

Tarrow, ranar Lahadi bayan coci

Zuwa ga 'yata Marcy,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Grady da yaran. Allah ya raba ku da sharrin sanyin Alaska, wanda har yau na kasa gane abin da kuka gani a cikinsa. Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar nan da ke riga agogo tashina. An gama girbin alkama tuni, ƙanƙara ta fara sauka a kan tuddai. 'Yar Gwaggonki Verna ta sauka lafiya, an samu namiji, an ce da kunnuwan kakansa ya zo. Allah dai ya raya shi a hakan.

Na san kin ji a labarai cewa jami'ar Belden ta fice daga rukunin gasar wasanninmu, amma gani ya kori ji. Sun bi manyan jami'o'in gabas inda gidajen talabijin suka fi zuba kuɗi, suka bar mu baki buɗe. Kwalejinmu ta Tarrow kuma an cusa ta cikin wani rukuni da aka harhaɗa cikin gaggawa, tare da makarantun da sai na ɗauko taswira kafin in san inda suke. 'Yan matan ƙwallon raga da ke haya a gidan maƙwabciyata Wanda, yau suna cikin jirgi, gobe suna ɗakin jarrabawa, idanu jawur. Manyan sun fito sun ce ci gaba ne. To, su suka sani. Ni abin da na sani shi ne wasan ƙwallon Tarrow da Belden, wanda ake bugawa Asabar ɗin bayan Bikin Godiya na ƙarshen kaka tun kakanki yana yaro, ya mutu, ko jana'iza ba a yi masa ba.

Kin dai san dokar babanki da Baffanki Orval. Tun da Orval ya ci amanar gida ya tafi karatu Belden suka ƙulla ta: duk wanda aka ci ƙungiyarsa, za a rataya masa tutar ɗan'uwansa a ƙofar gida, ba ta sauka sai an sake karawa, kuma wanda ya rataya shi zai sauke da hannunsa. Da babanki ya rasu ban ce na gaji dokar ba, Orval ne kawai ya iso da motarsa a shekarar kamar yadda ya saba, ya ce ai matar yaya ba ta fita daga faɗan gida. Bara kuwa aka cinye mu ana saura ƙiris a tashi. Da kin ga tsohon nan a kan tsani, ɗansa Kip yana riƙe masa yana roƙonsa ya sauko, shi kuwa yana ɗaure jar tutarsa yana waƙar makarantarsu da muryar nan tasa mai kama da ta tsohon zakara. Ya ce mini in riƙa wanke ta da ruwan sanyi kada ta koɗe, don ta zo zama. Na ce masa tsohon banza, ka ji da haƙoranka, baɗi da kanka za ka sauke ta kana kuka. A cikinmu babu wanda ya san babu wasan baɗi.

To ga ta nan har yanzu, ja-wur, a tsakiyar unguwar da ko kwandon shara kore ne, launin Tarrow. Maƙwabciyata Wanda ta tare ni ta ce haba Lorene, mutanen da suka watsar da mu don kuɗi, ke ce za ki riƙa yi musu talla? Mai kawo wasiƙu ya ce in ba shi aro ya goge tayar motarsa. Har Fasto ya tambaye ni cikin raha ko na sauya sheƙa ne. Duk amsa ɗaya nake ba su, alkawari kaya ne, kuma ba ni na rataya ba balle in sauke.

Jiya ce Asabar ɗin. Na farka na jiƙa wake, na soya nama, na ɗora babbar tukunyar nan ta miyar yaji, har na saka burodin masara a wuta kafin in tambayi kaina wa zai ci. Sabo turken wawa. Na ɗauki tukunyar na tafi filin ajiye motoci na bakin filin wasa, inda muke buɗe bayan a-kori-kura mu hura gawayi. Da wata makaranta aka buga wadda ko sunanta ban iya faɗa ba, 'yan kallonsu ba su cika mota guda ba. Babu wanda za ka zaga, babu wanda zai rama. Gefen da jajayen riguna ke cika suna yi mana ihun manoman alkama, mu kuma muna ce musu 'yan gayun birni, jiya tsuntsaye ne ke kiwo a wurin. An ce mun ci. Na rarraba wa ɗalibai miyar, na komo gida tun rana ba ta faɗi ba, na zauna ban ko cire takalmi ba.

Da la'asar Orval ya bugo waya. Kin san shi da waya, ba ya ji sosai, ihu yake yi kamar yana kiran shanu. Ya ce matar yaya, ya yafe mini, in naɗe tutar in saka masa a gidan waya, ko in yi tsumman goge-goge da ita. Na ce a ina aka taɓa yin haka, doka ta ce hannun da ya rataya. Ya yi dariya ya ce an ce wai nan da shekara goma makarantun biyu za su iya shirya wasan sada zumunta, amma shekara goma wa ya gani, ni da shi? Ya ce Kip ba zai yarda ya ƙetaro da shi duwatsun da ke tsakaninmu cikin ƙanƙara ba tunda babu wasa, to ya ce masa zai zo yin me? Na buɗe baki, Marcy, na kasa cewa ka zo ka gan ni. Shekara arba'in da ɗoriya ni da mutumin nan ba mu taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba, zagi ne gaisuwarmu. Sai na ce masa ya yi ta zama, dama wa ke kewarsa.

Gaskiyar kuwa ita ce kaɗaici ya ishe ni. Idan Orval ya sauko daga mota ya dafa ƙugu, ya karkata kai ya yi dariya, babanki nake gani. Shi kaɗai ya rage a duniya da ke kiran babanki da sunan yarinta, shi kaɗai ya san labaran da nake so a maimaita mini. Sau ɗaya a shekara ne, amma yana riƙe ni har wata shekarar. Waɗanda suka zauna suka raba makarantu kamar ana raba gado ba su san da ni ba, ban kuma ce su sani ba. Amma zumunta a ƙafa take, kuma wasan nan shi ne ƙafar tamu.

Don haka ga abin da nake roƙonki. Ki kira Kip, ke yana jin maganarki. Kada ki ce ni na saka ki, kada kuma ki ce ina kewar kowa. Ki ce masa iska ta fara cin gefen tutar, igiyar ma ta saki, kuma uwarki mai taurin kai ta rantse ba za ta taɓa ta ba, ya kamata ya kawo tsohon idan hanya ta buɗe.

Ki gaishe mini da Grady, ki ce na gode da kifin da ya aiko. Ki sumbaci Colby da Nell, ki ce Kaka tana ajiye musu korayen huluna. Gwaggonki Verna da Wanda suna gaishe ki. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Sai dai ki ja wa Kip kunne da kyau: babansa ya zo ya ɗaure ta ne, ba ya sauke ba. Idan ya sauke ta ya tafi da ita, ban san da me zan sake kiransa ba.

Taki har kullum,
Mamanki, Lorene