'Yan Kallon da Ke Jikin Bangonmu

Zuwa ga yayana Dauda mai fenti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da kai, can inda kake kwance, cewa zanen da ka bari a bangon shagon doyarmu ya sake hana manya sukuni.

Ka tuna inda ka samo shi, a tsohon littafin tarihin da mai ƙosai ke yaga tana ƙunshe wa mutane. Hoton Rumawan zamanin da ne, an jefa wa zaki mutum a tsakiyar fili, jama'a na sama suna shewa. Ka daɗe kana dubawa, ka ce mai zanen nan wayo ya yi, ya ƙarar da fentinsa a haƙoran zaki, 'yan kallo kuwa ya bar su ɗigo-ɗigo, ba mai fuska.

Sai ga ranar da aka kama ɗan ƙwadagon nan na garin Obi, wai ya saci doya. Aka doke shi har ya daina motsi, kasuwa kaf tana tsaye. Ni ina Adogi saro kaya, kai ka gani da idonka. Ba a jima ba ka zana filin Rumawa a bangonmu, amma kowane ɗan kallo da fuskarsa. Ga shugaban dillalai da giɓinsa, ga mai nama yana shan rake.

Tun rasuwarka manyan kasuwa suke lallaɓa ni in shafe zanen. Yanzu kwamitin kasuwa ya ce jinin yana tsorata yara, ko a shafe ko in bar shagon. Ka san ƙaninka da ciniki. Na ce na yarda, ni da kaina zan shafe zakin da jinin, a bar 'yan kallo kawai. Yaya, da ka ga yadda suka ƙi ƙememe. Ashe ba zakin ne ke cizonsu ba.

Gobe za su zo da farar ƙasa. Na riga na kafa bencina a gindin bangon, ba kuwa zan tashi ba, sai dai su shafe har da ni. Shagon ma, in sun so su karɓa. Na san kasuwa za ta taru ta tsaya kallo, halinta ne. Abin da ke cin raina shi ne babu kai, balle ka zana su.

Har yanzu in na ji warin kananzir, kai nake gani tsugune kana wanke burushi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ya jiƙan bawan Allahn nan na garin Obi, wanda har yau ba mai tambayar sunansa.

Ƙaninka,
Isiyaku