Hoton Kaka Bai Fito Ba

Zuwa ga Kawu Sabo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Yaya aiki, yaya zafin Jidda, ina iyali da yara? Mu nan Dutse lafiya, sai dai jikin Kaka.

Kawu, ranar Juma'a Kaka ta yarda a ɗauke ta hoto a karon farko. Sharaɗinta ni zan ɗauka, don ba za ta zauna gaban baƙon namiji ba. Na ari kyamarar roba na tafi wurinta a Jahun. Da aka wanko fim ɗin a Kano, duk ya ƙone. Ashe murfin bayanta a tsage yake, haske ya shiga. Har yanzu ba mu da hoton mahaifiyarka ko ɗaya.

Don Allah ka nema mini kyamarar ƙarfe mai kyau, wadda ba ta buƙatar batir, ake saita haske da nisa da hannu. Na iya aiki da irinta tun a makaranta. Ka ba alhazanmu su taho da ita, kada ka jira zuwanka.

Na faɗa wa Kaka gaskiya. Ta ce, "To ɗan nan, zan sake zama, idan ka same ni."

A gaida kowa. Idan ka je Harami, ka roƙa mana Allah Ya sa kyamarar ta same ta.

Ɗanka,
Nura