Maɓallin "Ina Nan" Yana Nan Inda Ta Bar Shi

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Rajista da Adana Takardu, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Mataimakinsa, da Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin membobinta na zaune da na kwance, ta sami labarin rasuwar 'yarmu kuma malamarmu, Hajiya Injiniya Mai Shafi, wadda Allah ya yi wa cikawa da hantsin Talata a asibiti bayan jinyar mako biyu, tana da shekara hamsin da ɗaya. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Marigayiyar ɗiya ce ga tsohon mai buga mana tafireta, Allah ya jiƙansa, kuma a ƙarƙashin teburinsa ta koyi rarrafe. Shekara shida da suka wuce ta leƙo gaishe mu, muka nuna mata shafin ƙungiya na intanet muna ta hura hanci, domin mu da kanmu muka tsara shi, yadda muka saba jera fayil shekara talatin da biyar: Jawabin Shugaba a sama, sai na Mataimaki, sai Tarihi, sai Tsarin Mulki, sai hotunan 'yan kwamiti bisa girman muƙami. Lambar da mara lafiya zai kira ma tana nan, ba wanda ya ɓoye ta, a ƙarƙashin "Sauran Batutuwa", sashe na tara. A kwamfutar ofis abin gwanin sha'awa. A waya kuwa rubutun ya koma jerin tururuwa. Ta duba, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tambayi Mai Girma Shugaba cikin ladabi ko wanda ya zame a banɗaki sai ya gama karanta jawabinsa kafin a zo a ɗaga shi.

Da ta karɓi gyaran shafin, ba ta fara da na'ura ba. Ta rubuta kowane abu na shafin a kan ɗan kati, kati arba'in da biyu, ta baje a teburin taro, ta ce kowa ya ɗauki ukun da zai nema ranar da yake shi kaɗai a gida. Jawabin Shugaba ba wanda ya taɓa, har shi Shugaban. Abin da aka wawashe shi ne: wa ke kwance, yaushe za a haɗu, wa zan kira. Daga nan ta kafa dokokinta: kada abu ya wuce latsawa uku, kada maɓalli ya gaza faɗin babban yatsan tsoho, kuma kada a ɓoye muhimmin abu bayan 'yan layukan nan uku na kusurwar allo, waɗanda tsohon Akawun Shige da Ficen Wasiƙu ya shekara yana gogewa da bakin riga, yana zaton datti ne.

Mai wannan sanarwa shi ta zaɓa ɗan gwaji, saboda a duk ƙungiyar ba wanda hannunsa ya kai nasa rawa. Takan miƙa mini waya, ta zauna a kan tafukanta don kada ta taimake ni, ta ce in nemo ranar taro. In na ɓata hanya sai ta ce laifin shafi ne, ba na Baba ba, maganar da ban taɓa ji daga bakin wani shugaba ba tun da na kama aiki. Inda ba mu taɓa shiri ba shi ne tsawon jimla. Ta yi mini laƙabi da Baba Sakin Layi, tana cewa jimlata guda kan cika allon waya ta nemi aro a maƙwabta.

Babbar hidimarta ita ce koren maɓalli guda da ta sa a saman komai, mai kalma biyu: "Ina nan". Mu goma sha tara ne a ƙungiyar muke zaune mu kaɗai, 'ya'ya sun yi nisa, abokan zama sun riga mu. Kowa kan latsa shi da safe, wanda bai latsa ba zuwa ƙarfe goma sai a kira shi, in bai ɗauka ba a je. Kwamiti ya yi zama uku kafin ya yarda wani abu ya hau kan Jawabin Shugaba. A bara ƙafa ta ɗauke mini a ɗakin girki, wayar tana kan gado, na kwanta ina ƙirga tayil. Goma da kwata tsohon Masinjanmu ya turo ƙofa da sandarsa, yana faɗan wai tun muna aiki ban taɓa sa hannu a kan lokaci ba.

Jiya Kwamitin Amintattu ya zauna, aka kawo shawara, da kyakkyawar niyya, cewa a sa babban hoton marigayiyar da wannan ta'aziyya a saman shafi har kwana arba'in. Kowa ya ce madalla, har da ni. Sai Masinja ya jarraba a wayarsa, muka ga koren maɓallin ya nutse, sai an ja allo sau huɗu kafin a kai gare shi, kuma a cikinmu akwai waɗanda ja biyu ma ba sa iyawa. Mai Girma Shugaba ya share ido, ya ce shi da ya sauka daga sama don maɓallin nan ba zai bari a tura shi ƙasa ba, ko don ita.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta Alhaji Likitan Ido, da 'ya'yanta uku, da mahaifiyarta Hajiya Babba, da abokan aikinta, musamman ƙanwarta da ta ɗauki alkawarin ci gaba da kula da shafin. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ya sauƙaƙa mata hanya kamar yadda ta sauƙaƙa mana, ya ba iyalanta haƙurin jure wannan babban rashi.

Ana sanar da membobi cewa za su sami wannan saƙo a ƙasan maɓallin, latsawa biyu kacal. Na san ya yi tsawo; ta yafe mini. Yau da safe, kafin ƙarfe tara, mu goma sha tara duk mun latsa.

Sa hannu:
Baba Sakin Layi,
Tsohon Babban Magatakarda, Kakakin Ƙungiya,
a madadin Mai Girma Shugaba da Kwamitin Amintattu.