Na Bar Igiyar Ƙanina a Rana Ranar Gasa

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni ɗan kara ne, tun tasowata aikina kamun shanu da igiya a kasuwarmu, in na jefa zarge ba na maimaitawa. Yanzu ina Doha, ina aiki a gonar wani Balarabe a bayan gari. Kafil ɗinmu, wato Balaraben da ya ɗauke mu aiki, a Amurka ya yi karatu, can ya kwaso son wasan kamun maraƙi, a saki maraƙi a guje, mutum ya bi shi a kan doki ya zarge shi, ya diro ya ɗaure masa ƙafafu, ana duba agogo. Duk lokacin sanyi yakan gayyato abokansa su zo da nasu ma'aikatan a yi gasa.

Akwai ɗan ƙanin babana, mu ce Sale, ni na yi masa hanya ya zo, ɗakinmu ɗaya a unguwar Mu'aither. Wallahi ranar da ya sauka ko akuya bai iya zargewa ba, ni na koya masa komai. Sai dai shi jikinsa ba nauyi, ni kuwa na haura arba'in, gwiwa ta fara ƙorafi. Shekara uku a jere shi yake cinye gasar. Yanzu kafil hannu yake ba shi, ni sai dai ya ɗago min yatsu daga cikin mota. In mun je Asian Town, inda 'yan ci-rani ke taruwa ranar Juma'a, 'yan garinmu su yanyame shi, ni ake miƙa wa waya in ɗauke su hoto. Har matata ta turo min bidiyonsa, wai in ga yadda Sale ya zama. Ni za a nuna wa Sale? Ba zan ɓoye muku ba, kyashinsa nake ji in na ji ana tafa masa.

Aikina ya koma gyara masa igiya. Irin wannan igiyar ba ta son zafi, a gwangwani mai murfi ake ajiye ta a inuwa, in rana ta dake ta sai ta saki, bakin zargen ya ƙi tsayawa a buɗe. Sale bai taɓa dubawa ba, abin da na miƙa masa shi yake ɗauka. Ranar gasar makon jiya na ciro ta na ajiye a gaban gilashin mota, na rufe ƙofofi tun hantsi har azahar, sannan na mayar da ita gwangwani. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni ne, so nake sau ɗaya in ga ya jefa ya kuskure.

Sau uku ya jefa, sau uku maraƙi yana wucewa, baƙi suna dariya. Kuma na ji daɗi, Allah ya yafe min. Abin da ban zata ba shi ne fushin kafil, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ƙarshen wata za a mayar da Sale kiwon raƙuma can cikin sahara, ni zan hau dokin a gasa ta gaba.

Da muka koma ɗaki na tambaye shi ko ya ji wani abu a igiyar. Ya ce ya ji ta yi laushi, amma ya kwaɓi kansa. "Yaya, igiyar da ka gyara ba ta kuskure, hannuna ne ya mutu." Har roƙona yake in sake koya masa kafin ya tafi.

To jama'a ya zan yi? In na gaya wa kafil, jirgi zai sa ni ya mayar da ni gida. In na gaya wa Sale, maganar sai ta kai gida wajen iyayenmu. In na yi shiru, saura kwana tara a kai shi sahara. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, har yanzu ina son hawa dokin nan.