Sani da Wasan Jera Bulo

Talata da dare, Bunkure.

'Yata Hadiza ta sa wa ƙanena Sani tsohon wasan jera bulo a na'urar karatunta mai fuska kamar takarda, tunda hasken waya na damun idonsa. Da can, in muna jiran ruwa a bakin kanal, ba mai kama ƙafarsa a wasan nan. Yau da hannun da shanyewar jiki ta bar masa, kafin ya danna bulon ya riga ya sauka.

Na ce, "Na'urar ce mai nawa, kawo ka gani."

Ni tsohon kawai, na manta ban bari na'urar ta cinye ni da gangan ba. Layi biyar na share.

Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ce, "Yaya, gonar nan tawa, ka nemi mai dasa tumatirin bana."