Mazurarin da Ke Gindin Wardinki

Zuwa ga Ozella, ruwan sanyin tsakiyar rana, inuwar barandar kakata a Alabama, hasken farko da ke faɗowa kan kogin Detroit bayan ƙanƙara ta saki gari. Zumata, kuma ƙayar da ta karye a tafin ƙafata.

Ƙanwarki Vernell ta bugo waya. Wai ranar Asabar za ki zo kwashe sauran kayanki, kuma Ɗan'uwa Purvis, dattijon cocinmu, shi zai kawo ki a sabuwar motarsa mai sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Madalla. Tunda haka ne, zauna ki karanta a hankali. Kin san ni, ban taɓa iya ba da labari da gudu ba.

Kin tuna shekarar da muka sayi jar motar nan mai silinda takwas? Muka ɗauki hanyar kudu don in nuna ki ga dangina, gilashi a sauke, ɗankwalinki na kaɗawa kamar tuta, injin na gurnani har cikin haƙarƙarinmu. Kika ɗora ƙafafunki a gaba kina cewa, "Taka ta, Lemuel, ko tsoro kake ji?" Na taka. Gonakin masara suka zama kogi ɗaya kore. Duk tsawon hanyar allurar da ke nuna zafin injin ba ta motsa ba. Haba Ozella! Wace tauraruwa ce ta kai ki haske a wannan rana? Wane tsuntsu ne ya fi ni fiffike?

Sai ga Agustan bara, ranar jerin gwanon tsofaffin motoci a dogon titi. Rana kamar bakin murhu, motoci na rarrafe bamba da bamba. Kin sha matajin wuta tun safe, gashinki a miƙe yana sheƙi kamar bayan hankaka, ga kek ɗin dankali a cinyarki. Allura ta fara hawa. Na yi abin da kowane mai tsohuwar mota a garin nan yake yi: na murɗe hita har ƙarshe, don ta zuƙo zafin injin zuwa cikin mota. Kika ce, "Tsoho, kashe abin nan, gasa ni za ka yi?" Na ce, "Daure, Zumata, mu wuce gada." Gumi ya kwance miki aikin safiya guda, gashi ya koma gidansa na asali a gaban matan coci da ke zaune bakin titi. Danja ta tsayar da mu. Kika ajiye kek a kujera, kika ce, "Zauna da tukunyarka ku dahu tare." Kika buɗe ƙofa. Purvis kuwa yana bayanmu a motarsa, kamar an aiko shi, kika shige.

Ki fita daga mota, na gane. Amma ki fita daga gida? Saboda tafiyar da ba ta kai tsawon waƙar coci ɗaya ba? Ni da na jure sanyin ƙafafunki a bayana kowane hunturu tun muna da baƙin gashi!

Hunturun nan kaf a gareji na yi shi. Kin san kujeru na ɗinka a masana'anta, ni ba bakanike ba ne, don haka na bi abin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a wake. Na canja murfin lagireto. Na wanke cikinta har ruwa ya daina fitowa ja. Na matsa kowace tiyo. Ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya, na ciro shi na dafa a tukunyarki ta ganye da wuyan talotalo. Ya buɗe baki a kan lokaci, ya fi wasu mutane cika alkawari. Famfon ruwa lafiyarsa ƙalau. Abin ɗaure kan shi ne, in na hau babbar hanya na taka ta, sanyi kamar randa. In na tsaya a ƙofar gida, sai ta tafasa.

Ran nan na ɗauko hankicinki da kika bari a aljihun mota, na riƙe shi a gaban lagireto injin na aiki. Da fanka na jan iska yadda ya kamata, da ya manne. Sai ya faɗi ƙasa kamar ganyen kaka. Nan na gane. In mota na gudu, hanya ce ke ba ta iska kyauta. In ta tsaya, sai fanka ta jawo, kuma fanka ba ta iya jawowa ta cikin lagireto sai da baƙin mazurarin roba da ke kewaye da ita. Ina mazurarin? Kin tuna, ai. Ina asibiti ana gyara mini gwiwa, ke da Purvis kuka cire shi, wai muni gare shi, kuka sa fanka mai ƙyalli don ku ba ni mamaki. Na gani, na yi godiya. Wa ke bincikar kyautar matarsa? Purvis har da dafa mini kafaɗa: "Ɗan'uwa Lemuel, yanzu ta zama amarya." Wutar da ta kore ki, Ozella, da hannunki mai laushi aka hura ta, kuma wanda ya riƙe miki sifana shi ya buɗe miki ƙofar sanyi.

Kin ce mini kin yar da shi. Da ƙanƙara ta narke na same shi a bayan gida, kin kifa shi a gindin furen wardinki don kada zomaye su ci. Wardin ya fito ta tsakiyar ramin, ya yi rassa, ya rungume shinge hagu da dama. Ba yadda za a zare mazurarin sai an sare shi daga tushe. Na ɗauko almakashi. Na tsaya a kansa har shayina ya huce. Kash! Na mayar da almakashin. Na sayo fallen ƙarfe, na lanƙwasa sabo da waɗannan yatsun da ba sa iya ɓalle maɓallin riga. Ya fito a karkace, ya fi na farko muni. Amma na ɗaura shi, jiya na bar motar tsaye tana aiki tun bayan cin rana har inuwa ta kai titi, allura ba ta ɗaga ba. Hankicinki ya manne a lagireto kamar ba zai saki ba.

Ita ta koyi zama wuri ɗaya ba tare da tafasa ba. Mu ne muka kasa, tun ranar da na ajiye aiki hanya ta daina ba mu iska kyauta.

Ranar Asabar za ki tarar da ita a ƙofa, injin na aiki, ƙofarki a buɗe. Ki shiga, farin watana, mu zauna a tsaye a wuri ɗaya ki ga ko za ta ƙona ki. In kuwa kaya kika zo kwasa, na ɗaure su, ba sai Purvis ya wahala ba. Saura wardin. Ya fara toho, kuma ba zai shiga but ɗin kowa ba sai an sare shi. Almakashin na kan tagar kicin. Ni na kasa. Ke da kika iya fita a tsakiyar titi, wataƙila ki iya.

Naki, ko kin zauna ko kin sare, har ranar da injin ƙirjina zai yi sanyin da ba a sake tayarwa,

Lemuel