Manhajar Da Oga Ke Yabo, Hannuna Ce

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Laraba, domin bayan Laraba ba shawara zan nema ba, sai jaje.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai shafin intanet da ke koyar da rubutun umarnin kwamfuta, wanda muke kira kod. Mu shida ne a ɗaki ɗaya, da fanka ɗaya mai hura wanda ta ga dama. Aikina shi ne sa wa kod ɗin da ke cikin darussa launi: kalmomin umarni shuɗi, lambobi ruwan lemo, bayanin gefe toka-toka, don ɗalibi yana kallo ya san matsayin kowace kalma. Ba da hannu ake yin wannan ba. Manhaja ce ke bin shafi, ta gane kalmomin, ta shafa musu launi. Akwai na kyauta, amma Oga ya ce tamu yake so, ya tambaya ko zan iya rubutawa. Na ce zan iya, da irin muryar da digiri ke ba mutum.

Na kuwa rubuta. Ta yi aiki har ta wuce gona da iri. Duk inda ta hango kalmar umarni sai ta zuba mata shuɗi, ko a cikin bayanin gefe take, ko a tsakiyar wata kalma. Shafin farko ya fito kamar farar rigar da aka jiƙa tare da sabon shuɗin wando. Saura kwana biyu a nuna wa Oga, sai na ce bari in gyara wannan ɗayan da hannu, gobe in zauna wa manhajar. Anti, wata bakwai ke nan, shafi ɗari biyu da goma sha huɗu, goben ba ta zo ba. Kowace kalma ni na bi na rubuta mata launinta a jikinta, ɗaya bayan ɗaya.

Da zagina aka yi da na samu sauƙi. Yabo ake. Oga na faɗa wa baƙi cewa manhajarmu ba ta taɓa kuskure ba, kuma bai yi ƙarya ba, tunda ba ta taɓa aiki ba. Mijina ya gaya wa abokansa matarsa ta ƙirƙiro abin da kwamfuta ke karanta wa kanta. Mama ta fi kowa kusa da gaskiya, don ita har yau cewa take fenti nake yi a ofis. Abokin aikina da ke zama kusa da ni, muna ce masa Mai Gilashi, ya taɓa leƙa allon kwamfutata ya daɗe yana kallo. Sai kawai ya tambaye ni ko wuyan hannuna na ciwo. Yana ciwo, Anti. Cokali ma da dabara nake riƙewa.

Jiya Litinin Oga ya kira ni ofishinsa. Wata makaranta na son ɗaukar darussanmu, kuma a kan haka ne zai ƙara mutum biyu aiki. Sai dai ɗalibansu sun ce shuɗin ba ya karantuwa a waya, a mayar da shi rawaya a duk shafukan. Ranar Laraba kuma malaminsu zai zo da nasa kod, ya zuba a shafinmu, ya ga launi ya hau a gabansa. Oga ya ɗago ya ce, "Ai aikin minti biyu ne a wurinki, ko?"

Ina tsaye ina lissafin hanyoyi: in kwanta ciwon ƙarya, in ajiye aiki da dalilin da ba shi ba, ko in ɗauko ta kyauta in laƙa mata sunan tamu. Bakina kuwa, wanda bai taɓa shawara da ni ba, ya ce in sha Allah. Na ja masa ƙofa na fita.

Me zan yi?

Mai Ciwon Wuyan Hannu

Amsa

Ƙanwata, sannu da hannu. Ba malalaciya ba ce ke, malalaci ba ya bin shafi ɗari biyu kalma-kalma. Oga ma da nasa laifin: wata bakwai yana yabon abin da bai taɓa cewa a buɗe masa ya gani ba. Amma ke kika ce akwai, shi kuma ya ɗauki maganarki ya kai waje. Yanzu fuskarsa ce a gaban baƙi, da aikin mutum biyu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Hanyoyinki uku duk ki watsar. Ciwon ƙarya Laraba ɗaya zai saya miki. Ta ukun kuwa ita ce za ta mayar da kuskure ya zama ha'inci.

Yau ki gaya wa mijinki, don ki ji yadda maganar ke fita daga bakinki. Gobe da safe ki shiga wurin Oga kafin kowa, ki faɗa a jimla uku, ba kuka, ba dogon tarihi. Ki tafi da mafita a hannu: a yi amfani da ta kyauta da sunanta na gaskiya, ko a roƙi makarantar mako guda. Mai Gilashi ya sani tuntuni kuma ya rufa miki asiri, ki nemi taimakonsa, ba zai ba ki kunya ba.

Ba zan ce miki aikin zai tsira ba, yana iya tafiya. Amma wadda ta kai kanta ana iya sake yarda da ita, wadda aka kama a gaban baƙo da wuya. Ki kuma kai hannun nan asibiti.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta Oga.